Takardar da ta yi kwana tara a jikin firji

Wannan makon mu aka ce mu kawo rubutu. Mu biyu muka zauna muka haɗa shi, mata da miji, don haka duk inda kuka ga "mu" to mu ɗin ne, inda kuma muka saɓa za mu faɗa muku wanda ya ce me.

Muna zaune a Aberaeron, wani ɗan ƙaramin gari a bakin teku a yammacin Wales, cikin lardin Ceredigion. Mutanen garin gaba ɗaya ba su kai 1,500 ba, wato unguwa ɗaya a Kano ta ninka su sau da yawa. Gari ne mai tsabta, gidajensa a jere, kowane da kalar fentinsa, ga matsayar ƙananan jiragen ruwa da aka fara ginawa bayan wata dokar majalisa ta 1807. Aiki ne ya kawo mu a farkon 2022. Maman yara nas ce, baban yara kuma yana aiki a gidan kula da tsofaffi. Yaranmu biyu: 'yar fari, wadda ba za mu kama sunanta a nan ba, kun san dalili, sai ƙaninta. Sallar Juma'a sai mun hau mota zuwa Aberystwyth, tafiyar kusan rabin awa. Bahaushe kuwa, in ba a waya ba, sai mu yi wata biyu ba mu ji muryarsa ba.

Shekararmu ta farko, ranar Litinin ta ƙarshen watan Agusta, wadda ranar hutu ce a nan, muna zaune sai muka ji ganguna da busa. Muka leƙa ta taga. Taraktoci ne ke jan tireloli an yi musu ado da takardu da balan-balan, a kai ga yara, ga manyan mutane masu furfura sun yi shigar ban dariya, wani ya zama kaza, wani ya zama sarauniya. Wannan shi ne bikin gari na shekara-shekara da suke kira kanibal. Ba mu tsaya tambaya ba muka ja labule. A zatonmu ko dai wani abin addininsu ne, ko kuma taron shaye-shaye. Yaran suka yi ta magiya, muka kunna musu katun.

Abin da ya ƙara tsorata mu shi ne wani biki da suke yi a cikin waɗannan kwanaki na ƙarshen Agusta. Sukan haɗa ƙaton kifi na takarda, a ɗauko shi a kafaɗa kamar makara, mata sanye da baƙaƙen kaya suna biye suna kukan ƙarya, a zagaya gari da shi, a kai shi bakin teku a cinna masa wuta. Wai ban kwana ne da lokacin kamun kifin. Kifin kuwa ba wani ba ne, titus ne, wanda muke saya a kasuwa mu soya. Baban yara ya ce mutanen da ke yi wa titus jana'iza ai sai a zauna da su da lura. Sai daga baya muka gane wasa ne kawai, kamar yadda baƙo zai ga yaranmu sun yi gemun auduga suna tashe da azumi ya rasa gane kansu.

A shekara ta biyu ba a bar mu mun ja labule ba. Muna da maƙwabciya, tsohuwa ce da ta haura saba'in, yaranmu suna kiranta Mam-gu, wato kaka a yaren mutanen kudancin Wales. Saura mako biyu biki ta ƙwanƙwasa ƙofa da jaka cike da tsummokara, ta ce tirelar layinmu ta rasa yara biyu, kuma bana shigar 'yan fashin teku za a yi. Ashe ta riga ta gama magana da yaran ta kan katanga, mu sanarwa kawai aka zo yi mana. Haka aka ɗaure wa yaron ido ɗaya da baƙin ƙyalle, yarinyar kuma ta ɗora hular 'yan fashi a kan hijabinta, muka bi tirela a ƙasa muna jin kunya kamar mu ne aka yi wa shigar.

Jerin gwanon yana ƙarewa ne a wani fili da ke tsakiyar gari, Alban Square, kuma a can ne muka saki jiki, don abin da muka tarar mun san shi. Tseren buhu. Tseren ƙwai a cokali. A ɗaure ƙafar mutum biyu su yi gudu tare. Duk wanda ya yi firamare a gida ya yi waɗannan ranar gasar wasanni, ga hedimasta da lasifika, ga lemo a bokiti. Ashe daga ƙasar nan aka kai mana su. Maman yara, wadda ta taɓa cin kofi a tseren buhu tana aji biyar, sai da aka riƙe ta. Akwai kuma waɗanda ba mu sani ba, kamar gasar jifa da takalmin roba na shiga ruwa, a ga wanda nasa zai fi nisa. Wani manomi ya wurga nasa ya koma baya ya faɗa kan teburin masu sayar da shayi, aka yi ta tafi kamar ya ci.

Abu biyu ne suka ɗan tsaya mana. Akwai teburin da ake sayen tikiti, in lambarka ta fito ka ɗauki kyauta, kuɗin kuma na taimakon gari ne. Niyyar mai kyau ce, amma mu a wurinmu caca ce. Muka jefa fam biyu a bokitin muka ce ba ma son tikitin. Matar ta bi mu da kallo, ta sake miƙo mana, muka sake godiya. Na biyu abinci ne, don hayaƙin da ke tashi daga wurin gashi mun san na mene ne. Mun zo da cincin ɗinmu. Sai ga Mam-gu da gwangwani cike da wata 'yar waina ta fulawa da busasshen inabi da suke toyawa a kan faranti na ƙarfe. Kafin mu buɗe baki ta ce mu ci, ta san wasu da kitsen alade suke yi, ita da man shanu ta yi, tun jiya ta tambayi yarinyar. Ta kwashi cincin ta zuba a aljihun rigar sanyinta.

Can da yamma aka kira iyaye maza jan igiya. Mutanen garin nan ba sa wasa da jan igiya, har wani suke yi na daban a lokacin zafi, igiyar ta ratsa matsayar jiragen, ƙungiya ɗaya a wannan gaɓa, ɗaya a waccan, ruwa a tsakani. Na ranar dai a kan ciyawa ne. Aka tura baban yara tsakanin wasu manoma biyu masu hannu kamar faranti, shi kuwa da silifas. Mai ba da umarni ya daga murya da yarensu, "Tynnwch!", kowa ya ja, shi yana tsaye yana jiran a ce a fara. 'Yarmu tana gefe tana ihun kalmar tare da sauran yara, da ta ga Abbanta bai gane ba sai ta juya masa ita da Turanci. Ya ja, silifas ya tsinke, aka kwashe su gaba ɗaya. Mun yi dariya har da hawaye. A ranar babu wanda ya lura a cikinmu cewa kalmar da take nema harafi biyu ce kacal a Hausa, kuma ba ta zo mata ba.

Makaranta ta koma a Satumba. Mako na biyu yarinyar ta dawo da takarda, sama da Welshanci, kamar yadda muke kiran yaren a gida, ƙasa da Turanci. 'Yan aji shida za su tafi sansanin yara na Llangrannog a watan Oktoba, kwana biyu, yini uku. Ga jerin kaya: jakar barci, rigar ruwa, tocila, tsofaffin kaya da ba a jin asararsu. Ba a zuwa da waya. A ƙasa ga layin da uba ko uwa za su sa hannu. Muka manna ta a jikin firji, ta yi kwana tara a wurin.

Wanda bai fito daga inda muka fito ba zai ce mene ne abin tsoro a nan. Wurin bai kai tafiyar minti arba'in daga ƙofarmu ba. Amma mu kalmar "yara sun kwana a makaranta" ta riga ta lalace mana. Chibok a 2014, 'yan mata 276. Dapchi a 2018. Ƙanƙara a Disambar 2020, Jangebe a Fabrairun 2021, muna gida duk aka yi waɗannan, muna cikin masu kwana da rediyo a kunne. Bayan Jangebe yayan maman yara ya je da kansa ya kwaso 'ya'yansa mata daga makarantar kwana, har yau jeka-ka-dawo suke yi. Hankali yana gaya maka nan Wales ce, babu daji, babu babura. Ciki kuwa ba ya jin wannan bayani. Ga kuma abin da aka tashe mu a kai, cewa 'ya mace ba ta kwana a waje sai gidan 'yan uwa. Ga abinci. Ga salla, don ta cika shekara goma, daidai lokacin da ake matsa wa yaro a kanta.

A nan muka saɓa. Kuna iya zaton uban ne zai ƙi, amma uwar ce. Ita ta yi makarantar kwana shekara shida, ta ce ta san abin da dare yake a ɗakin kwanan ɗalibai, ta san yadda yarinya ɗaya da ta bambanta da saura take zama abin tsokana da zarar an kashe fitila. Uban ya ce a bari ta je, in muka hana ta wannan, gobe ba za ta kawo mana takardar ba ma, ɓoyewa za ta yi. Muka yi kwana uku maganar ba ta wuce gaisuwa da "ga abinci nan".

Kuskuren da muka yi shi ne gaya wa Hajiya, mahaifiyar baban yara, a waya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ku da kuka ce kun tafi ne don yaran nan su samu natsuwa, shi ne za ku ɗauki yarinya ku miƙa wa mutanen da ba ku san asalinsu ba, har kwana biyu?" Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, malamansu ne za su raka su." Ta ce, "Na Jangebe ba su da malamai ne?" Babu wanda ya iya ba ta amsa.

Ita kuwa mai takardar ba ta yi kuka ba, ba ta yi rigima ba, wannan ya fi damunmu. A kwana na shida tana wanke kwano ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Umma, ni kaɗai ce a ajinmu ban mayar da fom ba." Da Turanci ta faɗa, mu ne muka fassara muku.

Washegari muka je wurin malamarsu da tambayoyi a rubuce a bayan ambulan. Ta zaunar da mu a kan kujerun yara, gwiwoyinmu a ƙirji, ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ɗakunan mata daban, na maza daban, malamai mata suna kwana a ɓangaren 'yan matan. Abinci akwai gurbi a fom, mu rubuta abin da ba ta ci, muka zaɓa mata mara nama don hankalinmu ya kwanta. Iyo za ta iya shiga da doguwar rigar wankanta ko ta zauna a gefe. Salla kuwa, malamar ce ta tambaye mu sau nawa, ƙarfe nawa, ta rubuta a littafinta. Ta ce ita ma tana shekara goma ta fara zuwa wurin, mahaifiyarta ma ta je. Muka fito da sauƙi a zuciya, amma ba mu sa hannu ba.

Mam-gu ce ta ƙarasa aikin, kuma ba lallashinmu ta yi ba, labari ta ba mu a kan shayi. Ita ma ta je Llangrannog tana yarinya, lokacin ɗakunan katako ne, ga sanyi, ga bargo mai ƙaiƙayi. Sansanin na wata ƙungiyar matasa ce mai suna Urdd Gobaith Cymru, a taƙaice Urdd, wadda wani mutum, Ifan ab Owen Edwards, ya kafa a 1922 ta hanyar kira ga yara a wata mujallar yara da yake gudanarwa. Sansanin Llangrannog an buɗe shi a 1932, akwai wani kuma a Glan-llyn kusa da tafkin Bala tun 1950. Duk hawan doki da iyo da guje-gujen da ake yi a can, manufar guda ce, a tara yara wuri ɗaya su yi wasa da yarensu.

Sai ta gaya mana dalilin. A ƙarni na 19, a wasu makarantun Wales, yaron da aka ji yana yarensu akan rataya masa wani ɗan katako a wuya mai haruffa W.N. Yana ɗauke da shi har sai ya ji wani ya yi yaren ya miƙa masa, wanda aka tashi yana wuyansa shi ke shan bulala. Mahaifin wanda ya kafa Urdd, O. M. Edwards, an rataya masa wannan katako yana yaro a ƙauyensu Llanuwchllyn, kuma ya rubuta labarin da kansa. Tana cikin bayani muka kalli juna, don mu ma mun san monita da takardarsa ta sunayen masu "banakula", mun san tarar da ake biya in an kama ka da Hausa a aji. Muka gaya mata, ta ajiye kofinta ta ce ashe har can aka kai.

Sai dai su abin ya ci su fiye da yadda ya ci mu. A ƙidayar 1901 kusan rabin mutanen Wales suna jin yaren. A ta 2021 ya koma kashi 17.8 cikin ɗari, mutum wajen 538,000. Ko a nan Ceredigion, inda ake ganin yaren yana da ƙarfi, masu jinsa ba su kai rabi ba yanzu. Gwamnatinsu ta sa burin kai su miliyan ɗaya nan da 2050, yawancin firamaren lardin nan kuwa da yaren ake koyarwa, yaran baƙi irin namu kuma akan fara kai su wata cibiya su yi zango guda suna koyonsa kafin su shiga aji sosai. Mam-gu ta ce ita abin da aka koya mata a aji ta manta rabinsa, amma waƙoƙin da suka yi a bas ɗin Llangrannog har yau suna bakinta. A daren maman yara ta ciro takardar daga jikin firji ta sa hannu da kanta, ba ta ce komai ba.

Ranar tafiya muka cusa sallaya a ƙasan jaka, muka ɓoye dabino a cikin safa duk da an ce kada a sa abinci, aka tofa mata Ayatul Kursiyyu a bakin bas, tana ta waige kada ƙawayenta su gani. Sauran iyaye suna ɗaga hannu suna raha, wata ma cewa ta yi yau za ta yi barci. Mu muka tsaya har bas ta sha kwana.

Ga abin da baban yara bai so a rubuta ba, aka rinjaye shi. Shi mai cewa a bari ta je, a dare na biyu da ya tashi daga aiki ƙarfe tara, maimakon ya yi gida sai ya kama hanyar Llangrannog, ta waɗannan siraran hanyoyi masu shinge da mota biyu ba sa iya giftawa. Ya wuce ta ƙofar sansanin a hankali, ya ga fitilu, bai ga kowa ba. Ya gangara cikin ƙauyen ya tsaya a bakin teku ya kashe mota, ya yi minti ashirin yana jin ƙarar ruwa, ya juyo. Da ya shigo aka tambaye shi ina ya tsaya, ya ce mai ya sha. Sai bayan mako biyu ya faɗi gaskiya. Uwar kuwa, da ta ƙi tun farko, ta yi barcinta lafiya duka dararen biyu.

Ta dawo ranar Laraba, murya a dishe, wando duk taɓo, hijabi ɗaya ya ɓace. Ta hau doki. Ta yi zamiya a kan wani tudu da aka shimfiɗa wa abu mai santsi, irin wadda ake yi a kan ƙanƙara amma babu ƙanƙarar. Ta tuƙa 'yar ƙaramar mota ta buga taya. Sun yi wata rawar gargajiya ta layi-layi da dare, ta ce kamar gaɗa ce amma da goge. Ta ɗauki hoto da Mistar Urdd, wani dunƙulallen mutum-mutumi mai launin ja da fari da kore da duk yaron Wales ya sani. Muka tambayi salla. Ta ce ta yi duka ban da asubar rana ta biyu, ta makara, ta rama. Wata ƙawarta ce ke tsaya mata a bakin ƙofa kada a shigo da gudu, daga baya ma 'yan ɗakin suka riƙa tuna mata lokaci. Dabinon kuwa su shida suka cinye a daren farko. Duk abin da muka rubuta a bayan ambulan, babu ɗaya da ya faru.

Da magariba Hajiya ta kira ta bidiyo, don ita ma kwana biyun nan ba ta runtsa ba. Aka miƙa wa yarinyar waya. Gaisuwa ta tafi daidai, ina wuni, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi. Sai Hajiya ta ce, "To 'yar nan, ba ni labari, me kuka yi a can?" Yarinyar da ta yi awa biyu tana zuba a kan tebur ba ta haɗiye yawu ba, sai ta tsaya. Ta ce, "Mun je... mun yi..." ta juyo ta tambaye mu da Turanci yadda ake cewa doki. Muka gaya mata. Ta ce "doki", ta sake tsayawa. Ta ƙarasa da hannu da dariya. Hajiya ma ta yi dariya ta ce, "Kai, kun mayar mini da jika Baturiya." Da aka karɓi wayar ta ce wa ɗanta a hankali, "Wannan ita ce za ta yi mini addu'a in na mutu, da wane baki?" Muna jin haka, daga banɗaki kuma muna jiyo yarinyar tana rera waƙar sansani da Welshanci, ƙaninta yana amsa mata, don shi ma ya iya, kuma sun daɗe da gano cewa in suna son kada mu ji abin da suke faɗa, ga yaren da za su yi.

Ba mu ga laifin sansanin ba, ba mu ga na makaranta ba. Su sun yi wa yarensu abin da ya kamata, sun kuma karɓi 'yarmu da hijabinta da sallayarta ba tare da an ɗaga mata gira ba. Namu muka zauna muka duba. Mun tsare abin da take ci, mun tsare suturarta, mun tsare sallarta, Hausa kuwa mun ɗauka ba ta buƙatar tsaro. Yaren da birnin Kano kaɗai ya ninka duk masu Welshanci na duniya, wa zai ce zai ɓace? Amma a cikin gidanmu shi ne ƙaramin yare. Muka gwada tuna abin da muke faɗa wa yaran nan da Hausa a yini guda: tashi, yi sauri, ka yi salla, kashe talabijin, wa ya zubar da wannan. Umarni da faɗa. In za a yi raha ko a ba da labari, mu da kanmu muke komawa Turanci don ya fi sauri, mun dawo aiki a gajiye.

Baban yara ya kawo wani abu da ya daɗe yana gani a wurin aiki bai taɓa haɗa shi da kansa ba. Akwai tsofaffin da ciwon mantuwa ya kama, mutanen da suka yi shekara sittin suna Turanci, wasu ma a Ingila suka yi aiki, amma da ciwon ya yi nisa sai Turancin ya zube, ya bar su da yaren da suka fara ji a bakin uwa. In ma'aikacin da ke duti ba ya jin Welshanci, sai tsohuwa ta yi ta neman ruwa ana kawo mata bargo. Shi ya sa ya haddace kalmomin ruwa da zafi da sanyi da yarensu. Ya ce idan Allah ya ja kwananmu a ƙasar nan, ranar da namu Turancin ya zube, wa zai gane muna neman ruwa?

Abin da muka fara ba wani babba ba ne, kuma ba za mu ce muku ya yi aiki ba tukuna. Daren Juma'a an kashe talabijin, tatsuniya ce, duk wanda ya sa Turanci shi ke wanke kwanuka, uban ya fi kowa wankewa. Mun koya musu langa a bayan gida. Yaron ya so ta sosai, saboda ta ba shi izinin ture yayarsa ba a yi masa faɗa ba. Matsalar ita ce wasa yana son taro, yara biyu ba sa yin gaɗa. Iyalan Hausawa mafi kusa da mu da muka sani suna Swansea da Cardiff. Mun yi magana da gida uku a kan mu haɗa kuɗi mu kama wani wurin kwana a lokacin hutun bazara, ko kwana biyu ne, a tara yaran, a yi langa da 'yar gala-gala da tashe ko ba azumi, babu Turanci. Gida biyu sun ce to. Na ukun ya ce ɓarnar kuɗi ce, a tura su gida hutu kawai su koyo a wurin kakanni. Gaskiyarsa, sai dai mun duba kuɗin jirgin mutum huɗu a watan Agusta, mun rufe wayar. Har yanzu maganar tana nan ba a yanke ba.

Bakin tekun Aberaeron duwatsu ne, ba yashi ba, ƙanana masu sulɓi, kamar don carafke aka yi su. Ranar Asabar ɗin da ta wuce maman yara ta tsinto guda goma ta zauna da yarinyar a dakalin ƙofa tana nuna mata yadda ake wurga ɗaya sama a kwashi na ƙasa kafin ya sauko. Hannun yarinyar ya kama da wuri. Ƙirgar ce take zame mata, sai ta fara "un, dau, tri", a ce mata a'a, ta koma ɗaya, biyu, uku. Ta kai bakwai ta tsaya, sai ƙaninta ya ce takwas daga cikin gida.

Mam-gu ta leƙo ta kan katanga ta tambayi me ake yi, ta ce su ma suna da irinsa da duwatsu biyar suna yara. Ta zagayo da sandarta, aka kawo mata kujera. Ta ce a koya mata ƙirgar. "Ɗaya" ta gagare ta, sai "daya" take cewa, yarinyar tana gyara mata tana nuna mata inda harshe ke zama, kamar yadda ita tsohuwar ta yi wata shida tana fama da mu a kan "Ll" ɗin Llangrannog ba mu iya ba. Kafin ta tafi ta ce kwamitin kanibal suna zama ranar Talata ta farkon wata, kuma ta riga ta ba da sunanmu, tebur ɗaya na wasan duwatsu, ɗaya na cincin. Wannan karon ma sanarwa aka zo yi mana.